Ranar da Aka Shimfiɗa wa Ɗan Damagaram Buzu

Zali ba ta taɓa ce wa kowa ita namiji ce ba. Ba a tambaye ta ba, ita kuma ba mai tallan kanta ba ce. Shekarar da ta sauke farali ta maƙale a Makka ba takarda, ta duba ta ga zani ba zai hau bene hawa huɗu da garwa biyu a kafaɗa ba. Sai ta sa wando da riga iya gwiwa, ta rage gashi, ta naɗa ƙyalle a ka, ta nufi bazan ɗin Utaibiyya, inda masu sayar da ruwa ke cika garewaninsu. Allah ya yi ta doguwa, ga faɗin kafaɗa, ga murya kamar ta wanda aka tasa daga barci. Shugaban masu ruwa, Shaihi Dawuda, ya dube ta sama da ƙasa ya tambayi garinsu. Ta ce Damagaram. Shi ke nan suna ya zauna: Ɗan Damagaram.

Kayan nan kuwa sun yi mata daɗi, ko kyauta aka ba ta zani ba ta so. Tsoronta ɗaya ne: ƙa'idar bazan ba ta san mace ba. Ranar da wani ya furta, ranar za ta rasa layinta, abincinta ya bi shi. Shekara biyu tana kaurara murya tana taƙama, tana jin ta iya.

To, akwai al'adar da ko sabon shiga ya sani. In mai ruwa zai hau matakala, dole ya ɗaga murya, "Ɗarik! Ɗarik!" don matan gida su kauce. Zali ta fi kowa ƙwala wannan kira. Amma wata Talata rana ta dafa ta, tunani ya tafi gida Damagaram, ta hau gidan Hajiya Sa'adiya shiru. Ta juye ruwa a randa, ta juyo, sai ta yi kiciɓis da Idris, ɗan Hajiya, haihuwar Makka, wanda jiya-jiya ya dawo daga aiki a Riyad da tabarau da alƙalami uku a aljihu.

"Aib, ya shaikh!" in ji Idris. "Ƙato kamarka a sashen mata, ba ɗarik ba komai? Wallahi sai na kai ka!"

Ya kuwa kai. Bayan la'asar masu ruwa suka yi da'ira a gefen bazan, aka shimfiɗa buzu a tsakiya. Hukuncinsu sananne ne: mai laifi ya kwanta rub da ciki ya sha bulala goma, ko ya ajiye garwa ya bar sana'ar. Abu ɗaya ke ɗauke duka, wato mai ƙara ya jefa ɗanyen ganye a kan buzun, alamar ya yafe. Idris kuwa hannunsa biyu a aljihu suke.

Zali ta tsaya a gaban buzun. Kalma ɗaya za ta faɗa laifin ya mutu, domin mace ba ta neman izini ta shiga wurin mata. Amma kalmar ce za ta kore ta. Ta dubi garewaninta, ta yi bismillah, ta kwanta.

Shaihi Dawuda ya ɗauki bulala, ya jinjina ta, ya yi gyaran murya. Sai ya kama kafaɗarsa.

"Sanyin ƙashin nan ya tashi. Isa, karɓi."

"Ni, Shaihi?" in ji Isa. "Azumin nafila nake, ba na duka da azumi."

Ga miyar wake a gemunsa, kowa yana gani. Aka miƙa wa Awwalu, ya ce alwalarsa ta karye, ya yi wajen famfo da sauri. Awwalun da a bara sai da aka ƙwace bulala daga hannunsa! Wani ya ce ya yi rantsuwa ga mahaifiyarsa. Wani ya tuna jakinsa bai sha ruwa ba. Bulala ta zagaye da'ira ta dawo hannun Shaihi kamar garwashi.

Zali tana kwance, hancinta cikin gashin rago, tana sauraro. Tun tana ƙirga sa'arta, har abin ya faɗo mata. Sun sani. Dukkansu sun sani, kuma ba yau ba. Kunya ta rufe ta tun daga ƙeya har dunduniya.

"Ba wanda zai yi? Ku ba ni bulalar nan!" in ji Idris.

"La, la, Ustaz," in ji Shaihi, ya ɓoye bulalar a bayansa. "Mai ƙara ba ya duka."

A nan tsoho Sabo, wanda ya fi kowa daɗewa a bazan, ya lallaɓa ya fizgo ɗanyar ciyawa daga bakin jakin da ke kusa, ya cusa wa Idris a hannu, ya yi masa raɗa a kunne. Idris ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya leƙa buzu. Ciyawar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗa a kan buzun.

"Ya yafe!" jama'a suka ɗauka baki ɗaya. "Halas, Ustaz ya yafe!"

"Yalla, kowa layinsa," in ji Shaihi Dawuda, yana duban sama. "Ɗan Damagaram ne a gaba."

Zali ta tashi ta kakkaɓe riga, ba ta iya haɗa ido da kowa ba. Ta kara garwa a bakin famfo. Sabo ya zo ya tsaya gefenta kamar mai gyara igiya.

"Baba Sabo," ta ce a hankali, da muryarta ta gaske, "tun yaushe?"

"Tun ranar farko, 'yata. Kin gaida Shaihi a durƙushe, gwiwa biyu." Ya ƙara rage murya. "Ramlatu matata ta daɗe tana cewa in kawo ki. Ta ce shekara biyu ba ki da wadda za ki cire ƙyallen nan a gabanta. Gobe Laraba tana dambu."

Ruwa ya cika garwar har ya zuba, Zali ba ta gani ba. Dariya take yi, hawaye suna sauka.