Taku Ɗaya Kafin Ƙofa

"Kar ki zare!" Inna Tela ta faɗa daga bakin ɗaki, har tana tuntuɓe da takalman masu gaisuwa.

'Yar Baba Direba ta tsaya, hannunta a kan wayar talabijin. Kwana uku ke nan da rasuwar mahaifinta, tana tattara kayansa, amma tsohuwar talabijin ɗin tana nan a kunne, wasan bidiyonsa a tsaye a allon.

"Inna, wasan yara ne fa."

Wasan yara! Shekara biyu Inna Tela tana jin kiɗansa ta jikin bango, ita tana taka keken ɗinki, shi Baba Direba yana fasa bulo a cikin wasan. Wani ɗan mutum ne mai ƙaton kai yake yawo a lunguna, ya ajiye bam, ya ruga ya laɓe. Tsohon da ya shekara arba'in yana tuƙa tirela bai taɓa buge ko akuya ba, sai ga shi kullum yana tare kansa a lungu da bam ɗinsa. Ta sha yi masa tsiya. Na'urar wasan kuwa ba ta ajiye komai, in ta mutu sai a koma farko, shi ya sa ya jona ta da batirin mota.

Makon jiya da la'asar ya ƙwala mata kira. "Maƙwabciya, zo ki gani!"

Ya kai matakin ƙarshe, ya fasa bulon da ke ɓoye ƙofar fita, sai ya tsayar da wasan saura taku ɗaya.

"To, shiga mana!"

"In na shiga, gobe me zan tashi in yi?" Ya yi murmushi. "Bar shi ya huta, ya sha gudu."

Washegari da za a kai shi asibiti, ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Ki kula min da mutumin nan." Ta yi dariya a lokacin. Yanzu dariyar ce take ci mata rai.

"Ba za mu bar shi a bakin ƙofa ba, 'yata," ta ce.

Ta zauna a ƙasa, don ta kasa hawa kujerarsa. Ta ɗauki abin dannawar, ta saki wasan da yatsun da suka saba da allura. Kiɗan ya dawo a hankali, kamar daga wani gida mai nisa. Ta danna dama.

Ɗan mutumin ya taka, ya shige.

Allon ya yi fari tas. Hasken ya sauka a kan kujerar, daidai inda zamansa ya lotsa katifar.