Ɗigo Uku a Bangon Zango

Shekarar da damina ta yi wa Damagaram rowa, har gero ya bushe bai kai gwiwa ba, wani zane ya fara bayyana a bangayen birnin. Ba boko ba ne, ba kuma ajami ba. Da'ira ce da aka ja da gawayi, faɗinta kamar na faifai, a cikinta karkatattun layuka biyu sun sarƙe da juna, bakinta an yi masa haƙora-haƙora, sannan a ƙasa ɗigo uku a jere. Yau a gan shi a katangar wani Alhaji a Birni, gobe a bayan shagon tela a Zango, jibi a jikin ƙaton dutse a hanyar Kara-Kara.

Mutanen birni kuwa ka san su, ko ciki ba komai baki ba ya zuwa hutu. Wasu suka ce hatimi ne, wani boka ne ya ɗaure ruwan sama da shi. 'Yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, suka ce taswira ce. Wani mai shayi ya yi ta rantsuwa ƙadangare ne aka kalla daga sama. Ba wanda ya ce gindin ƙwarya ne, don a cikinsu ba wanda ya taɓa shan fura a gidan Illa.

Illa gyartai ne daga wani ƙauye a ƙasar Guna, yana ɗinke ƙwaryar da ta fashe, yana kuma yi wa sabuwa ado da jan ƙarfe. Lokacin da ya auri Delu ya zaɓi ƙwarya mai kauri ya ƙona mata wannan zane a gindi, bai kuma taɓa yi wa kowa irinsa ba. Duk haihuwar da ta yi, ranar suna sai ya sa ƙarfe a wuta ya ƙara ɗigo guda. Na farko na Balki ne, na biyu na Ado, na ukun na ɗan autansu Garba.

Ya tafi cin rani Kano da niyyar dawowa kafin ruwan shuka. Sai aka rufe iyaka, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi wata biyu a wani zaure. Ko da ya samu ya ratso daji ya iso gida, damina ta riga ta ci amanar kowa. Rumbuna a buɗe, ba ko kukan akuya. Wani tsoho da ƙafa ta hana shi bin mutane ya ce masa Delu ta jira har ta ƙare dusar da ke gidan, sannan ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta kwashi yara uku, suka bi ayari zuwa Damagaram.

A birni ya fara da wurin rabon jar dawa, inda wani komi, wato akawu, ke zaune da ƙaton littafi yana rubuta sunayen 'yan gudun yunwa.

"Sunan matar?"

"Delu."

"Delu wa? Delu arba'in da ɗaya gare ni a nan."

"Matar Illa."

Komi ya aje alƙalami ya dube shi. "Bawan Allah, kai ka taɓa jin matarka ta faɗi sunanka? In na tambaye su sunan miji sai su ja mayafi su ce mai gida. Duk shafin nan matan mai gida ne. Yaran fa?"

"Ado, da Garba, da... babbar."

"Babbar ba ta da suna?"

Illa ya sunkuyar da kai. Balki 'yar fari ce, kuma a inda ya tashi uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Shekararta tara, bai taɓa ce mata komai ba sai "ke". Amma ita ce ke hura masa wuta in yana zane, ita ke miƙo masa ƙarfe tun bai nema ba, shi kuma in ya dawo kasuwa sai ya manta dabino biyu a bakin murhu, kullum a wuri guda. Duk cikin 'ya'yansa ita ya fi so, ya kuma ɗauka ta sani. Da komi ya ƙara matsa masa da ya faɗi sunan, to amma ya riga ya kira na baya.

Kwana goma Illa yana yawo. Ya duba gindin kowace bishiya da baƙi ke kwana, ya leƙa bakin asibiti, ya tsaya a layin famfo yana duban fuskoki har mata suka fara zaginsa. Ba ya karatu balle ya rubuta cigiya, ita ma Delu ko ya rubuta ba za ta karanta ba. Wata rana a Kara-Kara, inda yake kwana a rumfar wani mai faskare, ya tsinci gawayi yana jujjuyawa, sai ya ga hannunsa ya ja da'ira a ƙasa. Ya daɗe yana kallonta. Wannan kam Delu za ta karanta, ko daga nesa.

Da rana tsaka yake aikin, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa. Ya zaɓi bango mai kallon hanya, ya ja da'irarsa, ya sarƙe layuka, ya ɗiga uku, ya wuce. Kullum sabon bango biyu ko uku, kullum sabuwar unguwa. A lissafinsa, yawan bango yawan idon da zai gani, mai nema kuma yana tare da samu. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne zanen yana cewa Illa na gari, amma ba ya cewa ga inda yake. Bai taɓa komawa ya duba wanda ya yi jiya ba, don yana ganin ɓata ƙafa ne.

Ana nan sai wani, ba a san ko wane ne ba har yau, ya rubuta MUNA JIN YUNWA da manyan baƙaƙe a bakin kwalta, ga kuma wani babban baƙo da ake jira daga babban birni. Hukuma ta ce a share kowane bango, a kuma kamo masu ɓata su. Mai rubutun yunwa ya yi layar zana. Illa kuwa aka same shi tsaye da gawayi a hannu, yana ɗiga na biyu.

Da ya sha wuya sosai, don an ɗauka saƙon ɓoye ne, in ba don Kolo ba. Kolo tsohon magini ne na Birni, cikin waɗanda ke yi wa fuskar gidaje ado da laka, kuma tun da aka daina gini ba shi da aiki sai bin bango yana kallon zanen nan. Ya bi su har ofis da sandarsa.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa shugaban ofishin, "shekara hamsin ina zana bango, na san rubutu na san ado. Wannan ba ya cewa komai. Hannu ne kawai mai kyau da ya rasa abin yi."

Illa ya so ya ce zanen yana cewa komai da komai, amma leɓensa a fashe yake tun wajen kamu, ya kuma gane tsohon ceton sa yake yi. Aka yanke cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: shi ya zana, shi zai shafe, duka, kafin baƙo ya iso. Aka ba shi garwar farar ƙasa da tsintsiyar kaba, aka haɗa shi da wani gardi, ɗan sandan hukuma, mai suna Tahiru.

Washegari suka fara da sassafe. Garin da mata ke kwana a layin famfo don tulu guda, sai ga ruwa garwa-garwa an samo na jiƙa farar ƙasa. Illa na tafe yana nuna bango, yana shafewa, Tahiru na biye yana taunar goro yana mita. Duk da'irar da ta ɓace a ƙarƙashin tsintsiya sai Illa ya ji kamar ƙofa ce ya rufe wa iyalinsa da hannunsa. Tun yana ƙirgawa har ya bari a talatin.

La'asar ta kusa suka iso wani lungu a Zango, bayan rumfunan masu sayar da kanwa. Bangon nan yana cikin na farko-farko da ya zana, kwana goma sha tara ke nan. Ya tsoma tsintsiya, ya ɗaga, sai hannunsa ya tsaya a sama.

Da'irar na nan yadda ya bar ta. Ɗigo na biyu da na uku suna nan. Na farkon an murje shi da yatsa, an murza har laka ta fito, sai ɗan baƙi-baƙi da ya rage a gefe.

"Shafa mana mu tafi," in ji Tahiru. "Yara ne suka yi wasa."

"Yaro ba ya zaɓar guda ya bar biyu," in ji Illa.

Wata dattijuwa da ke sayar da kunu a ƙofar gidan da ke kallon bangon, Hajja ake ce mata, ta taso tana gyara mayafi.

"Kai ne mai zanen nan?"

"Ni ne, Hajja."

"Innalillahi. Ɗana, ina ka shiga? Yau kwana tara wata baiwar Allah na zaune a gindin bangon nan. Da hantsi takan je layin dawa, ta dawo da la'asar ta zauna. Na ce wa kike jira, ta ce mai gida. Na ce wane ne sunansa in sa a yi cigiya a masallaci, sai ta rufe fuska."

"Yara nawa ne tare da ita?"

Hajja ta dubi bangon, ta dubi ƙasa. "Ran da suka zo dai uku ne."

Tsintsiyar ta faɗi, farar ƙasa ta fantsama a ƙafar Tahiru. Ya tofar da goron bakinsa, ya dubi rana, ya ce shi zai je sallah, kuma masallacin da yake so yana da ɗan nisa.

Illa ya zauna a gindin bangon. Ƙasar wurin ta yi laushi, ga duwatsu uku na murhu, ga wani tsumma da ya sani, guntun zanen da ya sayo wa Delu da sallar bara. Jiya da rana tsaka yana can unguwar Garin Malam yana zana sabon bango. Shekaranjiya ma haka. Sau biyu a kwanakin nan ya wuce ta bakin kasuwar kanwa, bai leƙo lungun ba, don ya san ya riga ya yi nan.

Ta ɓullo daga kwanar lungu, ƙwarya a ka, Garba a goye, Ado na riƙe da gefen zanenta. Ta rame har sai da ya gane ƙwaryar kafin ya gane ta. Da ta gan shi ba ta yi gudu ba, ba ta yi kuka ba. Ta iso, ta durƙusa, ta sauke ƙwaryar a tsakaninsu. Jar dawa ce a ciki, ba ta fi tafi huɗu ba.

"Sannu da zuwa," ta ce.

"Sannu. Kun sha wuya."

"Sai godiya."

Ado, ɗan shekara huɗu, ya ɓuya a bayan uwarsa yana leƙen baƙon.

"Ita ta fara ganinsa," in ji Delu, tana kallon ƙasa. "Muna wucewa ta ja ni, ta ce Inna, hannun Baba ne, ga mu nan mu uku. Lokacin zawo ya riga ya kama ta. Na ce mu je bakin asibiti mu kwana, ta ce a'a, in mun tashi zai zo bai same mu ba. Ta ce ai wanda ya kafa tarko yana dawowa ya duba. Kwana huɗu tana kwance nan fuskarta na kallon hanya. Ran na biyar mutanen unguwa suka yi mata sutura, Allah ya saka musu." Ta dubi bangon. "Ni na goge. Na ce in ka zo ba ma nan, kada ka yi ta neman uku."

Illa ya dubi ƙwaryar da ke tsakaninsu. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, da haushin kansa, wanda ya fi baƙin cikin ciwo. Ya jawo ƙwaryar, ya juye dawar a tsumman nan a hankali kada ƙwaya ta zube, ya kife ta a cinyarsa. Ga da'irar, ga layukan, ga ɗigo uku da wuta ta ƙona, waɗanda yatsa ba ya gogewa. Ya ɗora babban yatsansa a kan na farkon.

"Balki," ya ce.

A gaban Hajja ya faɗa, da masu kanwa, da matarsa wadda ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa yaron da ya yi nisa da gida.

"Balki!"

Ado ya saki zanen uwarsa, ya juya da sauri yana duban bakin lungu, ya ga ta ina za ta ɓullo.