Ƙafar Kuloci

Shekara ashirin da uku ke nan Injiniya yana da jar motar nan, kuma ba a taɓa samun wanda ya zauna a kujerar direbanta ba in ba shi ba. Ba injiniyan takarda ba ne, tsohon bakanike ne da ya ajiye aiki, amma wa zai tsaya gyara masa suna? Motar 'yar ƙarama ce mai kujera biyu, cikinta ya kusa shafar ƙasa. Babu na'urar sanyi, babu kwamfuta, sitiyarin sai ka sa ƙarfi, kulocin kuwa kamar kana taka dutse. Abin da yake so ke nan. Duk safiyar Asabar, shi da abokansa shida masu irin wannan ciwo sukan haɗu a wani fili da ke saman tudu, su buɗe bonet, su yi ta zagin motocin zamani. A ganinsu, motar da ke canja wa kanta giya ba tuƙa ta ake yi ba, raka ta ake yi.

Wannan Asabar ɗin ba shi kaɗai ya fito ba. Matarsa ta lura kwana biyu yana jan silifas ɗin hagu a tsakar gida, sai ta haɗa shi da 'yarsu ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta duk da ta kai shekara talatin, tana koyar da lissafi, har tana da motarta otomatik.

"Rakiya kawai zan yi, Baba," in ji ta, tana naɗe ƙafafu don ta samu ta shige. "Ko gilas ba zan taɓa ba."

Gaskiyar da ya ɓoye ita ce, sati uku ke nan ƙafar hagun tana yi masa wasa. Sai ta yi nauyi, ta mutu na ɗan lokaci, sannan ta dawo kamar ba ita ba. Bai gaya wa kowa ba. Tsoro yake ji, kuma ba na mutuwa ba: ya san ranar da likita ya ji labarin ƙafar nan, ranar za a raba shi da makullin motar.

A tsakiyar hawan tudun suka tarar ana gyaran titi. An rufe hannu ɗaya, ɗayan kuma bai wuce faɗin mota guda ba, ga rami mai zurfi a gefe. Wani ma'aikaci mai riƙe da tuta ya tsayar da su daidai inda hawan ya fi tsauri. Injiniya ya taka birki, ya mai da giya firi, ya huta. A madubi ya ga wata tifa maƙare da tsakuwa ta zo ta tsaya a bayansa, kusa sosai, har ba ya ganin komai sai ƙarfen gabanta.

Motocin da ke saukowa suka gama wucewa. Mai tuta ya ɗaga musu hannu.

Injiniya ya ce wa ƙafarsa ta taka kuloci. Ba ta motsa ba. Ya sake gwadawa, yana kallon gaba kamar babu komai. Ƙafar tana nan a shimfiɗe, kamar ta wani ce aka ba shi ajiya. Ya sa hannu ya ɗago gwiwar ya ɗora tafin a kan kulocin, ya danna da ƙarfin ƙugu. Ya zame.

Direban tifa ya danna hon.

"Baba, an ba mu hannu," Auta ta ce. Sai idonta ya sauka kan hannun da ke riƙe da gwiwa. "Me ya samu ƙafarka?"

"Sanyi ne ya kama ta. Yanzu za ta sake."

"Tun yaushe?"

Ya kau da kai. Ya ja birkin hannu har ƙarshe, ya sassauta na ƙafa kaɗan don ya gwada. Motar ta fara silalewa baya, ya yi maza ya sake takawa. Wata shida yana cewa zai ɗaure wayar birkin hannun nan. Mutumin da ya gyara na rabin gari!

Direban tifar ya leƙo da kai ta taga. "Dattijo, don Allah ka ja! Iskar birkina sauka take yi. In na daɗe a nan, ba ni ba, ba na bayana ba."

Mai tuta ya sheƙo a guje. Auta ta tambaye shi ko ya iya mota mai giya, ya ce shi ko otomatik bai iya ba. Direban tifa kuwa ba halin ya ɗaga ƙafarsa daga birki ya sauko. A bayansa akwai motoci, amma tifar ta toshe hanya, kuma kafin a zagaya a nemo wani, wa ya san abin da zai faru?

Injiniya ya kashe inji, ya tura giya ta ɗaya, motar ta tsaya a kan giyar. Ya ce wa mai tuta ya sa dutse a bayan taya. Sannan ya juya ya dubi 'yarsa. Sau nawa ta roƙe shi tana 'yar shekara sha takwas ya koya mata, yana cewa sai ta ƙara hankali? Ta ƙara hankalin, ta gaji, ta je ta sayi tata. Kunya ta kama shi har wuya.

"Zagayo," ya ce.

"Baba, ban taɓa taka kuloci ba."

"Na sani. Laifina ne. Zagayo."

Mai tuta ne ya tallafe shi ya zagaya da shi ta gaban motar, ƙafar tana jan ƙasa. Bai taɓa sanin cewa kujerar ɗaya gefen ta lotsa haka ba. Auta ta cire takalmanta masu tsini ta jefa ƙarƙashin kujera, ta zauna, ta kama sitiyari da hannu biyu.

"Dama a kan birki. Hagu ki danna kulocin har ƙasa. Har ƙasa na ce."

"Yana da tauri."

"Haka yake. Ta da inji."

Injin ya tashi da ruri. Shi kuma ya damƙe birkin hannu da hannun hagu, ya ja shi sama iya ƙarfinsa.

"Yanzu ki mai da dama kan totur, ki ba ta wuta kaɗan. Ki ɗago hagu a hankali, har ki ji gabanta ya ɗan ɗaga."

Ta ɗago gaba ɗaya. Motar ta yi tsalle, ta mutu, ta dawo baya ta daki dutsen. Dutsen ya goce gefe.

"Birki! Birki!"

Ta taka. A madubi babu ko tazarar hannu tsakaninsu da tifar. Direban ya daina hon, kuma shirun ya fi hon ɗin ban tsoro. Ana jin iska tana fita daga ƙarƙashin tifar, siii, ba tsayawa. Mai tuta ya durƙusa yana neman wurin tura dutse, amma babu inda zai sa jiki tsakanin motocin biyu.

Auta ta kai hannu kan makulli. "Zan fasa maka ita, Baba."

"Fasa ta. Saurara, kar ki kalli madubi, kar ki kalli ƙafarki. Kunne za ki sa. Idan kukan injin ya yi ƙasa, to ta kama. Nan za ki tsai da ƙafar, ki ƙara wuta."

"In kulocin ya ƙone fa?"

"Ya ƙone."

Ta sake tayarwa. Wannan karon ta ba ta wuta fiye da kima, injin ya yi ta ihu kamar ana yanka shi. Injiniya ya cije leɓe. Ƙafarta ta fara ɗagowa, kaɗan, kaɗan. Kukan ya yi ƙasa.

"Nan. Riƙe nan. Ƙara wuta."

Ƙaurin kuloci ya cika motar. Ta yi kamar ba za ta motsa ba, tana karkarwa a wuri ɗaya, sannan ta fara rarrafawa. Taku ɗaya, taku biyu. Suka bar mai tuta a baya, suka wuce buhunan simintin masu gyaran titi, ramin yana gefen Auta tana ƙoƙarin kada ta dube shi. Can baya suka ji tifar ta yi gurnani ta biyo su.

Titin ya buɗe, hawan ya yi sauƙi. Auta ta saki wata dariya mai haɗe da kuka. Ga filin can gaba, motoci shida a jere, bonet a buɗe. Wani dogo mai farin gemu cikin abokan ya hango jar motar, ya hango wadda ke tuƙi, ya dafe kai yana kiran sauran su zo su ga abin mamaki.

"Tana da nauyi, Baba, kamar ana jan ta baya," Auta ta ce. "Ka saki birkin hannun mana, ai mun hau."

Tun a wurin buhunan siminti ya ce wa hannun ya saki. Yatsun suna nan a naɗe a kan ƙarfen, ba ya jin su. Ya miƙo hannun dama ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya sauke birkin, ya ɗauki hannun hagun ya ajiye a cinyarsa. Auta ta ga komai. Dariyar ta ɗauke.

Ta fara karkata sitiyari wajen filin.

"Kar ki tsaya," ya ce. Shi kansa ya ji yadda maganar ta fito a karkace. "Wuce su. Bayan kwanar can akwai hanyar da ta sauka asibiti."

"Baba, ban san inda giya ta biyu take ba."

Ya karkato da jikinsa, ya ɗora hannun da ya rage masa a kan giyar.

"Taka kuloci, Auta. Ni zan sa miki."