Kira Na Uku

Matar tela ta daɗe da zama kunnen mijinta. Ba kurma ba ne. Da ma kurman ne, da an huta. Shi matsalarsa yana jin abin da ba a faɗa ba.

Abin ya fara ne ranar da masu bindiga suka shiga garinsu, suka tara maza a filin makaranta, ɗayansu ya zaro takarda yana kiran suna. Duk wanda ya ce "na'am" sai a zagaya da shi bayan katanga. Ƙanen tela, mutumin da tun tasowarsa ba a kiransa sau biyu, ya amsa. Da aka zo kan tela, sau uku ana kira yana kallon ƙasa, har mai takardar ya gaji ya wuce. Shirun nan ne ya fitar da shi da rai.

Yau shekara biyu ke nan suna gudun hijira a wata ƙasa, amma ba a daina kiransa ba. Yana cikin taka keke a ɗan shagon da suka kama, sai ya ji sunansa a cikin ƙarar keken. Famfo ya kira shi, fanka ta kira shi. Wani lokaci muryar mai takardar ce, wani lokaci ta ƙanensa, kuma wannan ta fi ciwo. Likita ya ce tashin hankalin da ya gani ne ya zauna masa a ƙwaƙwalwa, ya rubuta masa ƙwayoyi. Kiran ya ragu, bai ɗauke ba.

Sai suka yi dabara tsakaninsu. In ya ji kira ba zai motsa ba, sai ya dubi matarsa a teburin guga. In ita ma ta ji, ta taɓa kunnenta na dama. In ba ta ji ba, ta ci gaba da gugarta. Ko sau ɗaya ba ta yi masa ƙarya ba, domin ta san alamar nan kaɗai ta rage masa a duniya da ba ya shakka. Masu kawo ɗinki sun ɗauka ƙaiƙayin kunne ke damunta, wata har da kwatanta mata magani.

Abin da ya ɗaure su shi ne takardar zama. Sau biyu ofishin 'yan gudun hijira yana sa masa rana, sau biyu yana zuwa shi kaɗai ita tana tsaron shago, ya zauna tun safe har a rufe.

"Maigida, ba su kira ka ba ne?" ta tambaye shi a karo na biyu.

"Sun kira," ya ce yana cire takalmi. "Ai kullum ana kira."

Sannan ta gane in ba ta kusa ba ya iya bambance kiran gaske da na kunnensa, ta kuma ji haushin kanta. Wasiƙar da ta biyo baya ba ta yi kwana-kwana ba: wanda ya saɓa sau uku za a rufe takardunsa, a mayar da shi inda ya fito.

Ranar ta uku ta rufe shago ta bi shi. A ƙofar ɗakin jira mai gadi ya tare ta da hannu.

"Mai wasiƙa kaɗai."

"Baba, don Allah. Ba shi da lafiya."

"Da ƙafarsa na ga ya zo. 'Yata, ni ma dokar aka ba ni."

Tela ya shiga, ita ta tsaya a baranda ta manna goshinta da gilashi, mai kauri irin wanda ko kukan jariri ba ya ratsawa. Tana hango shi a layi na uku, hannayensa bisa gwiwa, rigar da ta goge masa ta jiƙe a baya. Sau huɗu ya waiwayo kafin azahar. Duk huɗun ba wanda ya buɗe baki a ɗakin, sai ta bar hannunta a ƙasa.

Can wata ma'aikaciya ta fito da takarda a hannu. Da ganin takardar kafaɗun tela suka ƙanƙance. Bakin ma'aikaciyar ya motsa. Ba wanda ya tashi. Ya sake motsawa, mutane suka shiga kallon juna. Tela ya waiwayo a hankali.

Matarsa ba ta ji komai ba, ko harafi ɗaya. Tsoro ya kama ta har tafin ƙafa. In ta taɓa kunne ya tashi ya zama wani ake nema, ya daina yarda da ita ke nan, kuma daga ranar ba shi da kowa. In ta ƙi, biro na gab da jan layi a kan sunansa. Ma'aikaciyar ta buɗe baki a karo na uku, ta fara duban agogo.

Ta taɓa kunnenta na dama.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dafa kujera ya miƙe, ta ga leɓensa ya haɗa "na'am", kalmar da bai furta wa baƙo ba shekara biyu. Ma'aikaciyar ta gyaɗa kai, ta buɗe masa ƙofa.

Sai la'asar ya fito, da wata takarda mai hatimi a ninke a aljihu. Sun kai bakin titi kafin ya yi magana.

"Ta cikin gilashin nan kika ji?"

Ta so ta ce e. Amma ba ta saba yi masa ƙarya ba.

"Ban ji ba, Maigida. Na dai ga an yi kira ba wanda ya tashi. Na ce duk duniya wa ake kira ya yi zamansa in ba kai ba?"

Ya yi 'yar dariya, ta yanke a tsakiya. Ya tsaya cak a gefen hanya, motoci na wucewa.

"Na amsa," ya ce, "kuma suka bar ni na fito."

Sai ya rufe fuska da hannu biyu, ya fara kukan ƙanensa. Ita kuwa ta tsaya ta kare shi daga masu wucewa har ya gama.