Kwana Goma Ban Taɓa Siminti Ba

Awon tsawo na wuce. Awon ƙirji na wuce, har mai igiyar ya ce in sassauta numfashi kada in tsinka masa kayan aiki. Gudu kuwa, ni da na shekara tara ina hawa tsani da kwanon kankare a ka, zagaye huɗu na fili bai sa ni ko haki ba. Likita ya leƙa idona, ya sa na tsuguna na miƙe, ya duba tafin ƙafata, ya buga hatimi. Takardar makaranta, da ta haihuwa, da ta mutum biyu da suka tsaya mini, duk an karɓa an cusa a fayil. Abu ɗaya ya rage a tantancewar shiga aikin ɗan sanda, wanda kowa a layi yake cewa ba komai ba ne, wato ɗaukar zanen yatsu.

Ɗakin yana can ƙarshen baranda. Tebur ɗaya, kwamfuta, fanka da ba ta juyawa, sai wani ɗan akwati mai gilashi a sama. Wata Sajan ce a zaune, babbar mace, tabarau a kan hanci. Ta kama babban yatsana ta danna a gilashin, fitila ta yi ja. Ta goge gilashin da gefen hankici, ta sake dannawa, ja. Ta ce in hura wa yatsan iska, in shafa shi a goshi ya ɗan sami maiƙo. Muka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya na'urar ba ta gani ba.

Ta juya hannuna tana dubawa kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa, ta tambayi sana'ata. Na ce gini.

Ta ce ta sani tun kafin in faɗa. Siminti ya cinye mini zanen tas, kuma ba ni ne na farko ba. Ta yi mini bayanin da daga ji ta gaji da maimaita shi: in babu zane, ba za a iya bincikar ko na taɓa yin laifi ba, in ba a bincika ba, babu takardar shaidar hali, in babu wannan takarda, ko da a guje na fi mota, ba zan taka ƙofar makarantar horo ba. Ta duba ranar haihuwata a fayil, ta ɗago ta dube ni. Ni ma na san abin da ta gani. Baɗi war haka shekaruna sun wuce iyakar da aka yanka.

"Kwana goma ya rage a rufe," in ji ta. "Fata tana tsirowa. Kada ka taɓa siminti, kada ka taɓa yashi, ko sabulun wanki. Ka dawo ranar ƙarshe."

A gida na tarar da Baba yana wanke cokalin gininsa a bokiti. Shi ne maigidana a wajen aiki tun da na bar makaranta, kuma shi ya ɗora mini wannan neman. Ni ban taɓa mafarkin kaki ba. Shi ne kullum yake cewa ba ya so in tsufa a kan tsani kamarsa. Da na gaya masa abin da ya faru, sai ya buɗe nasa hannun ya yi dariya. Ya ce shi ma lokacin da aka yi katin shaida haka na'ura ta ƙi shi, har ma'aikacin ya rubuta a takardarsa wai ba shi da yatsu.

"Ni da na gina rabin unguwar nan da su," ya ce. "To kai ba za a rubuta maka haka ba. Daga yau ka ajiye aiki."

Haka na zama ɗan gata da girmana. Umma ta sayo basilin babban gwangwani. Safe da yamma ta lafta mini a yatsu, ta zura mini tsofaffin safa a hannu biyu. Yayata da ta zo daga gidanta ta gan ni zaune a tabarma, hannu a naɗe, ana zuba mini ruwa a kofi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ashe amarya aka yi a gidan ba a gaya mata ba, yaushe ne ɗaurin auren. Daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba sai Amarya. Raina ya ɓaci, amma mutumin da ke sanye da safa a hannu ba shi da bakin faɗa.

Kowace safiya nakan fita bakin ƙofa in ɗaga yatsuna a rana. Kwana huɗu babu komai, sumul. Rana ta biyar na ga wasu layuka siri-siri sun fara zagaye a ɗan yatsan hagu. Na nuna wa Baba kafin ya fita. Ya kawo hannun dab da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe haka abin yake, shi ya manta kamanninsa.

Rana ta takwas ce ranar zuba rufin kankare a gidan da muke ginawa. Wanda bai san gini ba ba zai gane ba: rufin kankare ba a yin rabi a bar rabi. In aka fara zubawa sai an kai ƙarshe a yini ɗaya, in ba haka ba wurin haɗin zai riƙa yoyo har abada, kuma sunan magini ne zai lalace. Baba ya nemi leburori shida. Da rana ta take, Umma ta ce in kai masa abinci, tunda riƙe leda dai ba zai goge mini yatsu ba.

Leburori huɗu na tarar. Biyu ba su zo ba, in aka haɗa da ni mutum uku ke nan babu. Injin kwaɓi yana ta ruri, an ci rabin rufin, ga kuma Baba a kan tsani da kwano a ka. Rabonsa da ɗaukar kwano ya fi shekara goma. Aikinsa shi ne ya tsaya a sama da katako yana daidaita abin da aka zuba. Yanzu yana yin biyun, ya hau ya juye, ya daidaita, ya sauko ya sake ɗauka. Rigarsa ta manne masa a baya.

Na ajiye ledar na nufi inda kwanonin suke. Daga kan tsani ya hango ni.

"Mayar da hannunka aljihu."

"Baba, kwano goma kawai. Zan naɗe hannun da tsumma."

"In ka taɓa kwanon nan ban yafe maka ba."

Bai ɗaga murya ba. Leburorin suka sunkuyar da kai suka ci gaba. Ni kuma na koma gindin katanga inda akwai inuwa, na zuba hannu a aljihu. Zan faɗi gaskiya tunda babu wanda ya tambaye ni: da ya hana ni, daɗi na ji. Na ji kamar an sauke mini kaya. Na tsaya ina ƙirga hawansa, ban san dalili ba.

A hawa na goma sha ɗaya ya kai sama lafiya, ya juye kwanon, ya ajiye shi a hankali. Ya zauna a kan rodi kamar mai son hutawa, sai ya kishingiɗa. Ban ma motsa ba sai da wani lebura ya kira sunansa sau biyu bai amsa ba.

Mu uku muka sauko da shi. A asibiti suka ce zuciya ce, kuma ya riga ya cika tun a mota. Na ce to. Na kira Yaya a waya na gaya mata, na ji ihunta, na jira ta gama, na kashe. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini hularsa da wayarsa, na sa wayar a aljihu. Sai a lokacin na lura da yadda nake riƙe da hular, da tsintsiyar hannu, yatsu a dunƙule. Na tuna haka ma na tallafe shi daga kan tsani.

Kafin a yi masa sutura na shiga na riƙe hannunsa. Kankare ya bushe a gefen faratansa. Kan yatsun santsi kamar bayan cokali. Na jira in ji wani abu ya taso mini, kuka ko mene ne, babu abin da ya zo. Da la'asar aka kai shi. Da aka zo tura ƙasa, kowa ya sa hannu, ni ma na durƙusa na tura, da bayan hannu. Babu wanda ya gani. Ni na gani.

Da yamma, gida cike da mata, Umma ta aiko a kira ni. Idonta ya kumbura. Ba ta ce mini ya haƙuri ba, ni ma ban ce mata ba. Ta jawo gwangwanin basilin daga ƙarƙashin gado, ta kama hannuna ta fara shafawa, yatsa bayan yatsa.

"Saura kwana biyu," ta ce.

Yaya ce ta ɗauko safar ta zura mini. Ba ta ce Amarya ba.

Rana ta goma na bar masu gaisuwa a kan tabarmi na tafi. Layin ya ragu, duk irina ne, masu gini da masu wanki da wani mai fasa dutse. Biyu da ke gabana suka fito ba su kalli kowa ba. Na shiga. Sajan ba ta gane ni ba sai da ta buɗe fayil. Ta goge gilashi, ta kama babban yatsana ta danna. Fitila ta yi kore, zanen ya fito a kwamfuta, zagaye cikin zagaye, tsaf. Ta bi sauran, kore sau goma.

"Ka ga amfanin jin magana," ta ce.

Na ce na gani.

Ta ce saura abu ɗaya ta rufe fayil ɗin. Yanzu ba a yarda da lambar da aka rubuta kawai ba, sai an kira an tabbatar, domin wasu lambar ƙarya suke bayarwa. Ta bi takardar da biro har ta kai wurin.

"Wanda za a nema in wani abu ya same ka a bakin aiki. Mahaifi, magini. Shi ne ko?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ɗauki wayar ofis ta danna lambobin tana karantawa a hankali, ta kara a kunne, ta ɗauki hatimi da ɗaya hannun tana jiran a ɗaga.

Wayar Baba ta fara ƙara a aljihuna.