Ranar da Cyril Ya Saki Sandar Tuƙi

Glenys na cikin murɗa ƙarfen sakin ruwa ne ta lura Cyril ya daina tsokanarta. Tun safe bakinsa bai huta ba. Daga can ƙasa, cikin jirgin ruwansa, yake ɗago murya yana cewa dodon koɗi ma ya fi ta sauri, ita kuma ta leƙa ta ce in ya isa ya hawo ya murɗa da kansa, tsoho mai bakin tsiya. Yanzu babu abin da take ji sai rugugin ruwa da bugun inji.

"Cyril?"

Ta taka bakin gurbin ruwan da jirgin ke ciki ta leƙa. Yana kwance a ƙarshen jirgin, kafaɗarsa jingine da ƙofar ɗaki, hularsa na yawo a kan ruwa. Sandar tuƙin na kaiwa da komowa ita kaɗai.

Hanyar ruwan da ke hawa tsakiyar Birmingham matakala ce, gurbi bisa gurbi, kowanne da ƙofar katako gaba da baya. A shigar da jirgi, a rufe ta baya, a sako ruwa har ya ɗaga shi, sannan a buɗe ta gaba. Wannan gurbin kuwa a ƙarƙashin wani ƙaton bene yake, inda rana ba ta leƙawa, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Ruwan da ta sako ya riga ya ja jirgin gaba, ta ga hancinsa ya kutsa ƙarƙashin gicin katakon ƙofar gaba. Ruwa na hawa, baya na ɗagawa, hancin na nan a danne. Ta taɓa ganin jirgin da haka ta same shi. Kafin a dafa shayi ya nutse.

Ta ruga ta saki marfin da ke tare ruwa. Ƙarfen ya kufce ya doke ta a wuyan hannu, ba ta ma ji ba. Rugugin ya mutu. Jirgin ya yi wata ƙara kamar ana taka tsohon gado, ya zame baya, ya daidaita.

Saura tsani. Shekara da shekaru tana zaune a kan ruwa, jirginta ɗaure kusa da na Cyril a bayan gari, amma ba ta taɓa yarda ta taka tsanin gurbi ba. Ƙarfe ne siriri manne da bango, duk gansakuka. Dalilin da ya sa ma suka raba aikin haka ke nan: shi tuƙi, ita ƙofofi. Likitoci ne suka ce zuciyarsa na buƙatar a riƙa duba ta kullum, 'yarsa Noreen ta ce ya dawo gidanta, shi kuwa ya ce a cikin jirgin dakon gawayi aka haife shi, bai taɓa kwana a ɗakin da ba ya motsi ba, kuma ba zai fara da tsufa ba. Zai kai jirginsa tsakiyar gari ya ɗaure, asibiti ga shi nan kusa. Glenys ta ce masa taurin kansa ne zai kashe shi, sannan ta kulle nata jirgin ta biyo shi.

Ta juya baya ta fara sauka. Takalminta ya zame a mataki na farko, ta rungume ƙarfen, ruwan sanyi na ɗiga mata a wuya. Ba ta san yadda ta kai ƙasa ba, sai jin rufin jirgi ta yi a ƙarƙashin ƙafarta.

Idonsa biyu. Fuskarsa ta yi fari fat, leɓɓansa sun yi shuɗi, hannunsa dafe da ƙirji. Ta cire injin daga giya, ta tallabo kansa.

"Jirgin ya taɓu?" ya ce, muryar kamar daga cikin tulu.

"Lafiyarsa ƙalau. Yi shiru."

Ta zaro waya ta kira lambar gaggawa. Matar da ta ɗauka ta tambaye ta sunan titin da suke. Glenys ta san kowane gurbi da kowace gada tun daga bayan gari, amma titunan da ke bisa kanta ba ta san ko ɗaya ba. Ta ce suna cikin ruwa, ƙarƙashin wani bene. Matar ta sake tambaya a hankali, kamar mai magana da ƙaramin yaro. Sai Glenys ta ɗaga kai ta fara kwarara kira, bangon siminti na maido mata da muryarta.

Can wata fuska ta leƙo: wani magidanci mai rawani da kwat ɗin ofis, burodin abincin ranarsa a hannu. Shi ya faɗi sunan titin, ta maimaita wa matar. Ya ce sunansa Harjit, ya tambayi abin da zai yi. Matar ta ce motar asibiti na tafe, amma ba za a iya ciro mutum daga wannan rami da tsani ba, sai an ɗago jirgin.

Glenys ta dubi tsanin, ta dubi Cyril. Ya riƙe rigarta.

"Kar ki tafi, Glen." Bai taɓa roƙonta komai ba, ko gishiri. "Tsoro nake ji."

"Ina zan je, tsoho? Ga ni."

Ta ce wa Harjit ya nemi ƙarfen da ya kufce mata, ya sa shi a bakin murɗin da ke jikin ƙofar gaba. Ya ce shi fa bai taɓa taɓa irin wannan abu ba. Ta ce yau zai taɓa. Ya murɗa kaɗan kawai, in ta ce tsaya ya tsaya, ko da duniya za ta tashi.

Ruwa ya fara shigowa. Jirgin ya yi baya, ya yunƙura gaba. Ta miƙa hannu ɗaya ta ja injin baya, ɗayan yana ƙarƙashin kan Cyril. Hancin ya tsaya taku ɗaya daga gicin.

"Rabi," Cyril ya ce, ido a rufe. "Ce masa rabi ya isa. Garaje gare shi kamar ke."

Ta yi dariya, hawaye na shiga mata baki, ta isar da saƙon.

Suka riƙa hawa a hankali. Baƙin bangon na sauka gefensu, layin bulo bayan layin bulo. Don ta kwantar masa da hankali, tana gaya masa Noreen na can sama tana jira, kuma za ta sha masa faɗa. Tana gaya masa saura kaɗan. A wani wuri tsakanin ƙasa da sama yatsunsa suka saki rigarta. Ta ci gaba da maganar, don ba ta san abin da za ta yi in ta daina ba. Takalman Harjit suka bayyana daidai idonta, duk man inji ya ɓata su, sannan ta ga ma'aikatan motar asibiti biyu cikin korayen kaya sun taho a guje.

Sun yi iyakar yinsu a kan dutsen bakin gurbin, amma rai ya riga ya yi halinsa. Daga baya babbar cikinsu ta dafa kafaɗar Glenys, ta tambaye ta ko matarsa ce. Ta ce a'a, maƙwabciya ce. Glenys ce ta kira Noreen ta ce mata ta wuce asibiti.

Ba a barin jirgi a cikin gurbi, wasu na jira a ƙasa. Harjit ya cire kwat ɗinsa ya ajiye a rufin jirgin, ya ce ofis ya jira. Glenys ta kama sandar tuƙin. Duk gurbin da suka shiga, idonta na kan hancin jirgin har ruwa ya cika.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ƙofar ƙarshe ta buɗe. Ruwan ya yi faɗi, ga tebura jere a bakinsa, mutane na cin abinci suna hira. A kan wata 'yar gada ta ƙarfe wasu 'yan mata sun tsaya, suka ga jirgi mai fenti ja da kore na tahowa, suka hau ɗaga mata hannu suna murmushi. Glenys ta dube su har inuwar gadar ta rufe ta. Sai ta ɗaga nata hannun, wanda ya kumbura.