Tambayoyin da Abban Yara Ya Tara

"Umma, wai Abba daƙiƙi ne?"

Umma ba ta ɗago daga gugar da take yi ba. "Wa ya ce miki?"

"'Yar maƙwabta. Ta ce duk wanda ya maimaita aji daƙiƙi ne."

"Bakinta ya fi ta girma. Je ki wanke hannu."

Ba aji ya maimaita ba. Kwas ɗaya ne na fiziks ya riƙe masa ƙafa a jami'a, kuma wannan ne zamansa na ƙarshe na jarrabawar. In ya sake faɗuwa, za a sallame shi hannu rabbana, bayan shekarun da ita da yara suka yi suna sanɗa a gidansu don kada a dame shi.

Da ya dawo daga aiki sai teburin cin abinci, kwamfuta a gaba, abinci na hucewa a gefe. Farautar tambayoyi yake yi a intanet, masu taurin gaske, irin na gasar manyan jami'o'i. Ya sauke wannan, ya adana wancan. Waɗanda malaminsu ya raba kuwa, a kansu yake ɗora kofin shayi.

"Abban yara, na malaminku fa?"

"Wannan ai wasan yara ne. Wanda ya saba da dutse, tsakuwa za ta ba shi tsoro?"

In tana shara takan tsinci takardunsa. Kowacce layi biyu ko uku, sai zane, daga nan fari fat har ƙasa. Takan jera su ta danne da faranti. Ta taɓa buɗe baki za ta yi magana, sai ƙaramin ɗansu ya farka da kuka, maganar ta bi iska.

Ranar jarrabawa ya shigo gida ya zauna, ko takalmi bai cire ba.

"Yaya?"

"Masu sauƙi suka kawo."

"To, alhamdulillahi."

"Babu wadda ban gane ba. Duka na fara su." Ya duba tafin hannunsa. "Ban san yadda ake ƙarasawa ba. Ina kai, aka ce a ajiye biro."

Ta jira kuka ya zo mata, ko fushi. Ko ɗaya bai zo ba. Sai ta rage wutar girki, ta kora yara ɗaki, ta ja musu ƙofa.

Ke da kike da mai karatu a gida, kada tulin da ya tara ya rufe miki ido. Ki ce ya nuna miki guda ɗaya da ya gama, tun jarrabawa tana nesa.